Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: 'Yan Kwana-kwana na Sa-kai a Lokacin Annoba

 

Shugaban wannan zama, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamaina, jami'an kashe gobara, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata, 'yan agajin da ke tsaye a bakin ƙofa tun da sassafe, da sauran 'yan'uwa matasa, barkanmu da war haka.

Ranar da aka kawo mini takardar gayyata na ga abin da ake so in yi magana a kai, sai da na sake karantawa. Me ya haɗa ɗan kwana-kwana da annoba? Shi dai an san shi da jiniya da mesa da tankin ruwa, cuta kuwa ai ta likita ce. Da na zauna na yi nazari, sai na ga ashe an daɗe da haɗa su.

A shekara ta 18 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Umar, annoba ta faɗa wa ƙasar Sham, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Ta ɗauki Abu Ubaida ɗan Jarrah, ta ɗauki Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya ƙara musu yarda. Da ragamar jama'a ta koma hannun Amru ɗan Asi, sai ya kwatanta cutar da wuta mai ci, ya umarci mutane su watse su shiga duwatsu. Duk ɗan kwana-kwanan da ke ɗakin nan ya gane dabarar. Wuta ba ta rayuwa sai da abin da za ta ci. Shi ya sa manomi ke share kewayen rumbu kafin hunturu, shi ya sa kuma in kasuwa ta kama akan rushe rumfa ɗaya don layi guda ya tsira. Annoba ma haka take, sai dai makamashinta mutane ne.

To, wanda ya saba yanke wa wuta hanya, me ya yi da korona ta zo? Zan kai ku wata ƙasa mu duba, sannan mu dawo gida.

Su wane ne 'yan kwana-kwana na sa-kai?

Kafin mu tafi, bari in gyara wata kalma. A wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, da an ce 'yan sa-kai, abin da ke zuwa wa mutum shi ne bindiga ƙirar gida da gora da adda. Ba su nake nufi ba. Ina nufin manomi ko malamin makaranta ko direba ko ɗan tireda, wanda ke da sana'arsa, amma ya koyi kashe gobara da ceton rai, da an kira ya ajiye abin da ke hannunsa ya ruga, ba don albashi ba.

Mu a nan mun ɗauka kashe gobara aikin gwamnati ne kaɗai. A ƙasashe da yawa da muke ganin sun ci gaba ba haka abin yake ba. A Amurka, tun 1736 Benjamin Franklin ya haɗa maƙwabtansa a birnin Philadelphia suka kafa ƙungiyar kashe gobara, kuma har yau kusan kashi biyu cikin uku na 'yan kwana-kwanan ƙasar 'yan sa-kai ne. A Jamus sun kai kimanin miliyan ɗaya. A Chile kuwa, tun daga ƙungiyar farko da aka kafa a Valparaiso a 1851, aikin na 'yan sa-kai ne, har ma mutum ne ke biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsa.

Ƙasar da na zaɓa mu tsaya a kanta ita ce Polan, a gabashin tsakiyar Turai, mai mutane kimanin miliyan 38 da ƙauyuka birjik. Suna da hukumar kashe gobara ta gwamnati, wadda aka kafa a 1992, ma'aikatanta na zaune galibi a manyan garuruwa. Ƙauyuka kuwa suna hannun ƙungiyoyin sa-kai da ake taƙaita sunansu da OSP, kimanin dubu goma sha shida. Ƙauyuka da yawa suna da tasu. Gidan da suke ajiye mota, wanda suke kira remiza, shi ne kuma zauren gari: nan ake taro, nan ake bikin aure, nan tsofaffi ke haɗuwa. Suna da sashen matasa, mata ma na ciki. Ƙaramar hukuma ce ke saya musu kayan aiki da mai, ta yi musu inshora, ta ba su ɗan abin sabulu gwargwadon awannin da suka yi a wurin aiki. Da yawansu sun yi kwas ɗin taimakon gaggawa na awa 66, inda ake koyon tsayar da jini, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da ba da iskar oksijin.

Abin da suka yi da korona ta zo

Ranar 4 ga Maris, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Polan, a garin Zielona Gora. Cikin 'yan kwanaki aka rufe makarantu da iyakoki. Gwamnati ta duba ta ga tana buƙatar hannaye a kowane ƙauye lokaci guda, likitoci ba su isa ba, 'yan sanda ba su isa ba. Su wa ke da mota, da rediyon sadarwa, da shugaba, da jerin sunaye, a kowane lungu na ƙasar? 'Yan kwana-kwana.

Ku ɗan kwatanta abin a zuci. Ƙauye ya yi tsit, ba kowa a titi. Sai ga jar mota tana tafiya a hankali, ba jiniya, lasifika na cewa a zauna a gida, a wanke hannu, wanda ke buƙatar taimako ya kira. Tsohuwa ta leƙo ta taga. Wanda ke tuƙin ɗan maƙwabcinta ne, a gabanta ya girma, shi ne ya zo da famfo ya zuƙe mata ruwa a shekarar da ambaliya ta shiga ɗakinta. Ya sauko, ya ajiye mata ledar burodi da magani a bakin ƙofa, ya ja da baya, ya ɗaga mata hannu. Ba ta tambayi wa ya aiko shi ba, ba ta kuma zargi cewa akwai wata manufa a ƙasa ba.

Haka suka yi ta yi. Sun kai abinci da magani gidajen da aka killace. Sun raba takunkumin fuska da aka wajabta sawa a watan Afrilu. Sun kai ruwan kashe ƙwayoyin cuta makarantu da ofisoshi. Tare da takwarorinsu na gwamnati sun kafa tantuna a ƙofar asibitoci, inda ake tantance marasa lafiya kafin su shiga. Da cutar ta tsananta a ƙarshen 2020, motocin asibiti suka yi kaɗan, akan tura 'yan kwana-kwana su riƙe majinyaci da oksijin kafin motar ta iso. Da aka fara yi wa tsofaffi allurar rigakafi a Janairun 2021, suna cikin masu ɗauko waɗanda ba su da abin hawa ko ƙarfin tafiya, su kai su, su jira, su mayar da su gida.

Ku lura, a duk abin da na lissafa babu inda aka kunna mesa. Abubuwa uku ne suka yi aiki. Na farko tsari: an san wane ne shugaba, an san wa zai kira wa, an san inda makullin mota yake. Na biyu sanayya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: sun san gidan da tsoho ke zaune shi kaɗai, sun san mai ciwon suga, sun san hanyar da mota ba ta bi in an yi ruwa. Na uku kuwa, wanda ya fi sauran tsada, amana. Duka ukun babu wanda aka ƙirƙira a watan Maris na 2020. Tarar da su aka yi, an shekara da shekaru ana tara su. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada in zuga su fiye da kima

Ba komai ne ya tafi daidai ba, kuma gara in faɗa. Ɗan kwana-kwana mutum ne, shi ma cutar na kama shi. In mutum ɗaya ya kamu, ana iya killace duk waɗanda suka shiga mota tare da shi, ƙauye ya kwana ba mai tsaronsa. Wannan ya sa ƙungiyoyi da dama a Turai suka dakatar da atisaye, suka raba mutanensu rukuni-rukuni da ba sa haɗuwa. Dattawan ƙungiya, waɗanda suka fi kowa sanin aiki, su ne cutar ta fi yi wa barazana, dole aka ce su zauna a gida. A Amurka kuwa, inda ƙananan ƙungiyoyi da yawa ke samun kuɗin mai da gyaran mota ta hanyar sayar da abinci da shirya bukukuwa, hana taro ya toshe musu wannan ƙofa, alhali kiran marasa lafiya bai tsaya ba.

Akwai kuma aikin da aka yi don ido. A ƙasashe da dama, har da tamu, an ga motocin kwana-kwana suna feshin tituna da kasuwanni. Abin ya yi kyau a talabijin. Amma a watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa feshin titi ba ya hana yaɗuwar cutar, yana ma iya cutar da ido da fata da huhu. Ɗan sa-kai mai zuciya in ba shi da jagorancin masana, zai gaji a banza.

Duk da haka ƙasar Polan ta san abin da take da shi. A watan Disambar 2021 aka zartar da doka ta musamman kan waɗannan ƙungiyoyi, wadda ta ba namijin da ya shekara 25 yana fita aikin ceto, da macen da ta shekara 20, ƙarin zuloti 200, kuɗin ƙasarsu, kowane wata idan sun kai shekarun fansho. Kuɗin ba su da yawa, amma yaba kyauta tukwici.

Gobara ba ta tafi hutu ba

Wani abin da ake mantawa shi ne annoba da kanta tana haifar da gobara. Majinyacin korona oksijin yake buƙata. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin. Shi kansa ba ya kamawa, amma in ya yi yawa a ɗaki, zanin gado da katifa da labule sukan ci kamar an zuba musu fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. Ranar 24 ga Afrilu, 2021, tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibnul Khatib da ke Bagadaza, mutum 82 suka rasu. A watan Yulin shekarar aka sake yin irinta a garin Nasiriyya, nan ma Iraƙi, sama da mutum 60 suka tafi. Mutane sun je neman numfashi, hayaƙi ya kashe su.

Ko sinadarin wanke hannun nan da kowa ya riƙa yawo da shi a aljihu, fiye da kashi 60 cikin ɗari nasa abu ne mai kamawa da wuta, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Iyayenmu mata, a bari hannu ya bushe kafin a kusanci risho ko gas. Wanda ke jinyar mai oksijin a gida kuma, ba taba, ba turaren wuta, ba kaskon gawayi a ɗakin, kada kuma a taɓa bakin tukunyar da hannu mai maiƙo.

A nan gida ma ba mu huta ba. A Janairun 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama, a watan Maris ta Katsina ta bi. A Nijar, azuzuwan zana sun ƙone da yara a ciki a Yamai a watan Afrilu, sannan a Maraɗi a watan Nuwamba, inda aka rasa yara sama da 20. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Mu dawo unguwarmu

Ranku ya daɗe, bari in ba da labarin abin da na gani da idona. Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe biyu, muka ji kururuwa: gobara, gobara! An kawo wuta da ƙarfi bayan an bar hita a cikin bokiti. Kafin ka ce kwabo unguwa ta fito. 'Yan ga-ruwa suka turo kurarsu ba wanda ya yi maganar kuɗi. Mai shago ya fasa katan ɗin Omo ana zubawa a ruwa. Wani yaro ya haura katanga ya fito da jariri. Jarumta dai ba a magana. Amma ba wanda ya tuna ya cire fis, har sai da wuta ta ja wani bawan Allah da ya watsa ruwa a kan waya. Mutum biyar na ba da umarni, kowa da nasa. Ba wanda ya san mutum nawa ke kwana a gidan. An yi minti ashirin kowa na zaton wani ya kira 'yan kwana-kwana. Da motar ta iso ta kasa shiga lungun, saboda wani ya fito da shagonsa kan hanya. Sai samari suka hau jifanta, wai ta makara.

Unguwar nan ce dai, da aka sa dokar kulle a 2020, mota ta zo da lasifika tana cewa a zauna a gida. Ba wanda ya san mai maganar. Tana wucewa yara suka bi bayanta suna cewa babu korona. A daidai wannan lokaci ne masu haƙar kabari a Kano ke cewa ba su taɓa ganin gawa ta yi yawa haka ba, daga baya kuma ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma rabi ko fiye na iya kasancewa da alaƙa da korona. Saƙon motar gaskiya ne. Bakin da ya faɗe shi ne baƙo.

Kada wani ya ce mana sa-kai al'adar Turawa ce. Mu ne masu aikin gayya. Mu ne masu 'yan agajin da ke tsare filin Idi da sansanin alhazai da wurin wa'azi ba a biyansu. Kuma mun ga abin da sanayya ke yi: allurar shan-inna ta sha turjiya a Arewa, ba ta samu shiga ba sai da sarakuna da masu unguwanni da matan unguwa masu bi gida-gida suka sa baki, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali (wild polio) a watan Agustan 2020. Mutane muna da su, zuciya muna da ita. Abin da ya rage a tsara.

Abin da nake ba da shawara

Kowace unguwa ko ƙauye ta fitar da mutum ashirin, waɗanda mai unguwa da liman suka shaide su, masu sana'a, masu kwana a unguwar. A sa mai gyaran wuta a ciki, da direba, da ɗan ga-ruwa, da ma'aikacin lafiya in akwai. Lallai a sa mata. Gidajenmu da yawa an rubuta ba a shiga a ƙofarsu, kuma gobarar rana a kicin take tashi lokacin da maza ke kasuwa. Ranar annoba ma, mace ce za ta shiga har ɗaka ta ga wadda ke kwance.

Jami'an kashe gobara su koya musu, ma'aikatan lafiya su ƙara musu. Ba sai an sayi mota ba tukuna. A fara da abin da hannu zai kai: cire wuta kafin zuba ruwa, rufe tukunyar man da ta kama da murfi maimakon watsa mata ruwa, sanin cewa fetur yashi yake so, ɗaukar wanda ya ƙone, sa takunkumi da cire shi. Kowa ya haddace lambar 'yan kwana-kwanan garinsu da lambar gaggawa ta 112. A kuma ajiye littafi guda a hannun shugaba: ina rijiya, ina burtsatse, wane lungu ne mota ba ta shiga, wane gida ne ke da tsoho ko makaho ko gurgu ko mai jinya. Littafin nan da zai yi amfani ranar gobara, shi ne zai yi amfani ranar ambaliya, da ranar kwalara, da ranar sanƙarau.

Sharuɗɗa uku nake roƙo a kiyaye. Kada su riƙe makami, kada su kama kowa, aikinsu ceto ne. Kada a manna musu hoton ɗan siyasa, don ranar da suka zama yaran wane, rabin unguwa ta rufe musu ƙofa. Kuma kada a bar su da ciwonsu: wanda ya ji rauni yana ceton jama'a, jama'a da ƙaramar hukuma su ɗauki jinyarsa. In aka bar mutum ɗaya ya yi jinyar kansa, ba za a sake samun na biyu ba.

Sannan a riƙa haɗuwa, ko sau ɗaya a wata, ko da awa guda bayan La'asar. Na san za a yi watanni ba gobara, ba cuta, wasu su fara cewa ɓata lokaci ne. To, waɗannan watannin su ne aikin. A cikinsu ne tsohuwar unguwa za ta saba ganin fuskar yaron da wata rana zai ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce, Iya, fito, ko kuma, Iya, kada ki fito, ta kuma yarda da shi.

Iyayenmu masu unguwanni, Allah ya ja kwana, ku kuka san mutanenku. Roƙona kafin a tashi daga wannan zama, kowannenku ya karɓi takarda ya rubuta sunaye biyar na farko. Jami'an kashe gobara suna nan zaune, a tsayar da ranar horon farko yau, tun hunturu bai kama ba.

Allah ya tsare mu da gobara da annoba, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya saka wa masu fita cikin dare domin wasu su kwana lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, a yafe mini.